Horon Doki

A shekarar da soja suka karɓi mulki, tafkin Madarumfa ya ja da baya har yara suna wasa a inda da can sai da kwalekwale ake zuwa. Damina biyu a jere gyaɗa ta ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mata suka koma tonon bado a cikin laka da jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci don a samu abin ci, maza kuwa suka koma zaman gindin kuka suna duban gabas, alhali kowa ya san hadari da sauransa.

Ɗan Azumi manomi ne, bai daɗe da haura shekara ashirin ba. Matarsa Ɗelu, 'yarsu Larai, wadda ba a jima da yaye ta ba. Gajere ne kakkaura mai faɗin kafaɗa, tun yana yaro abokan wasansa ke ce masa Turmi. Fari ya rage shi kamar yadda ya rage kowa, amma duk da haka in ya tsaya a ƙofar zaure sai an ce masa ya kauce kafin a wuce.

Wata rana da hantsi yayan Ɗelu, Sa'idu, ya iso a kan keke daga Jibiya, can tsallaken iyaka, inda yake da rumfar tireda. Ya leƙa rumbu, ya buɗe tukunya, ya ɗaga Larai ya ji nauyinta. Sai ya kira mijin ƙanwarsa zaure.

"Ba faɗa ya kawo ni ba," in ji Sa'idu. "Ƙanwata na zo ɗauka, ita da ɗiyar. Can akwai garin rogo, akwai masara. Kuma gara ka ji daga bakina tun yanzu: in na ɗauke ta, na ɗauke ta ke nan. Ba ni maido ta ga yunwa."

Ɗan Azumi ya gane abin da ake nufi. Ya san matan da suka tsallaka a wannan shekara, ya kuma san mazan da daga baya aka aiko musu su sauwaƙe. Yana son Ɗelu, so irin wanda namiji ba ya faɗa a zaure. Abu ɗaya ya rage masa da zai kama, shi ne shelar da aka yi a kasuwa makon da ya wuce, cewa kafin ruwa ya sauka za a ɗauki sabbin soja a Maradi. Soja kuwa, ko ƙasa ta ƙone ƙurmus, ba a hana shi shinkafarsa.

"Yaya," ya ce, "ka ba ni zuwa ranar ɗaukar soja. In ba su ɗauke ni ba, ni da kaina zan kawo ta Ɗan Issa in sa ta mota."

Sa'idu ya juya wajen zana, don ya san ƙanwarsa na tsaye a baya tana ji. "Ke mi kika ce?"

"Ina jira, Yaya."

Sa'idu ya yi tsaki, ya kwance ƙullin garin rogo daga bayan keke ya ajiye, ya hau ya tafi ko ruwa bai sha ba.

A cikin masu zaman gindin kuka babu wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗaukar sojan zamani, amma wannan bai hana kowa sanin yadda ake yi ba. Bakinsu ya zo ɗaya a kan abu biyu: gudu da karatun Faransanci. Wanda ya riga kowa a tsere, ya kuma iya karanta takarda, an gama, sai dai a gwada masa takalmi.

Karatu dai Ɗan Azumi ya ɗan taɓa. Ya yi shekara uku a lakwal, wato makarantar boko, kafin mahaifinsa ya cire shi ya mayar da shi gona. Ya je ya durƙusa wa malamin lakwal ɗin garin, wanda suke ce wa mushe, ya ba shi wani tsohon littafin 'yan aji, bango ya yage, ɓera ya ci kusurwa guda. Ya ɗibo jar ƙasa daga bakin tafki ya kwaɓa a sakaina. Dokar da ya kafa wa kansa ita ce, duk shafin da ya karanta daga sama har ƙasa bai yi tuntuɓe ba, sai ya dangwala yatsa a jar ƙasar ya shafa a gefen takardar. In an rufe littafin aka dube shi ta gefe, ana ganin inda ja ya tsaya da inda fari ya fara.

Gudu ne matsala, don Turmi bai taɓa tsere wa kowa ba tun da uwarsa ta haife shi. Nan ne Kawu Ɗan Baba ya shigo. Ƙanin mahaifiyarsa ne, tsoho mai kaifin baki, wanda a ƙuruciyarsa ya yi wa wani attajirin gyaɗa na Maradi kiwon dokin sukuwa. Dokin nan ya ci tsere sau ɗaya, tun daga ranar kuma mutanen Madarumfa ba su huta da jin labarin ba. Kawu ya sa Ɗan Azumi ya tuɓe riga, ya zagaya shi, ya matsa kwiɓinsa, ya ɗaga ƙafarsa ya duba dunduniya. Saura kaɗan ya buɗe masa baki ya ƙirga haƙora.

"Ƙashi shina da kyau," ya ce. "Ciki ne ya yi yawa. Da wanga tumbi ko jakin 'yan kanwa ba ka kamawa."

Ya kawo igiyar kaba ya zagaya masa a daidai cibiya, ya ɗaure ƙulli a inda bakin igiyar ya haɗu. Sannan ya auna ɗani guda da 'yan kai daga ƙullin zuwa ciki, ya shafa baƙin tukunya a wurin.

"Haka munka yi wa dokin Alhaji da majayin sirdi. Duk Juma'a a gwada. In ta yi sako-sako a ɗaura sabon ƙulli. Ranar da ƙulli ya cim ma baƙin ga, ɗana, ko ƙurarka ba su gani."

Sauran horon ma na doki ne. Bayan sallar asuba a yi gudu cikin yashin gulbi, inda ƙafa ke nutsewa, a yafa buhu don gumi ya zuba. Tuwo sau ɗaya a yini, shi ma a tashi da sauran yunwa. Duk mako a sha jiƙon filasko da kanwa a wanke ciki. Abin da tsohon ya manta, ko kuma bai ga dalilin tunawa ba, shi ne dokin attajiri ana yi masa wannan horo ne bayan ya shekara yana cin dawa da harawa sai ya ture. Ragin da ake yi masa daga ƙoshi ne. Ɗan Azumi kuwa daga bado da anza aka fara rage masa.

Shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, har da wani dalilin da bai faɗa wa kowa ba. Duk lomar da ya bari a akushi, a bakin Larai take ƙarewa. Magidanci ya ce bai ci ba don babu, abin kunya ne. Da aka ce horo yake yi, sai ya rinƙa ture akushi yana ɗaga kai.

Ya kafa tsinke a bangon ɗaki ya rataye igiyar, littafin kuma ya ajiye a kan katangar da ke ƙarƙashinta. Da tsakar rana, in zafi ya kori kowa daga titi, sai ya zauna a gindin gawon bayan gida, wanda shi kaɗai ke da ganye a wannan lokacin, ya bi haruffa da yatsa yana tauna kalmomin Faransanci kamar mai cin ɗanyar dawa. Littafin cike yake da labarin wani yaro da ke zuwa kasuwa da uwarsa suna sayen nama da burodi da madara. Ɗan Azumi ya yi ta karanta wannan sayayya har ya haddace farkonta, cikinsa na ƙugi. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, Kawu ya zo a gwada igiya. Sai Ɗan Azumi ya kira Ɗelu ya nuna mata sabon ƙulli, ya nuna mata gefen littafi, ja ya ƙara cin fari.

Da farko da wasa ta ɗauki abin. "Ni dai turmi na aura," ta ce wa Kawu, "ga shi kuna sassaƙe mini shi zai koma taɓarya."

Kawu ya yi dariya har da tari. Kuma a yi masa adalci, a makonnin farko abin ya yi aiki. Ɗan Azumi ya ji jikinsa sakayau, ya daina haki, yana kaiwa kukar da ke kwanar gulbi ya dawo rana ba ta ɗago ba. Da a nan aka tsaya da an tsira. Amma baƙin tukunya na can gaba yana jira, kuma mutumin da ya ga alama tana matsowa ba ya iya tsayawa a tsakiya. Daga baya gudun ya fara ja da baya, sai dai ba mai agogo a cikinsu balle a gane. Igiya ce kawai shaida, ita kuwa kullum labari mai daɗi take bayarwa.

Ana cikin haka kamyo, babbar motar kaya, ya zo da jar dawa ta taimako, aka raba a ƙofar biro, ofishin hukuma. Abin da gidansu ya samu bai taka kara ya karya ba, amma tuwo ne na gaske, irin wanda ke zama a ciki. Ɗelu ta tuƙa, ta yi miyar kuka, ta kai masa har gindin gawo. Ya gutsiri loma biyu ya ture.

"Ki ba Larai."

"Larai ta ci. Wanga naka ne."

"To ki aje mata na gobe."

Ɗelu ta zauna a ƙasa, abin da ba ta saba yi a waje ba. "Maigida, dube ni. Ni ke wanke wandonka, na san sau nawa na rage tazuge. Da dare in ka juya, ƙashinka na ji. Wagga igiya ba ƙarfi take aunawa ba, yunwa take aunawa. Ko ni aka zagaya wa ita ƙulli zai matsa, kuma ni ban yi gudu ba."

"Ke ba ki san horo ba."

"Ban sani ba. Amma na san mutum in zai faɗi."

"To mi kike so in yi?" Muryarsa ta yi sama, sannan ta sauko. "In zauna gindin kuka in jira Yaya shi dawo da kekensa? Wagga igiya da wanga littahi su kaɗai gare ni, Ɗelu. In na daina duba su ban san abin da zan duba ba."

Ta ɗauki akushin ta koma ciki tana share ido da bakin zane. Tsoro ne ya kama ta, kuma ba ta da wanda za ta kai wa ƙara, tunda duk abin da ake yi don ita ake yi.

Karatun ma ya fara ba shi wuya ta wata hanya. In ya ɗan jima a kan shafi sai haruffa su fara yawo kamar tururuwa, sai ya rufe ido ya jira su koma mazauninsu. Bai taɓa yin ha'inci da jar ƙasa ba, wannan kam a shaide shi. In ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe, daga sama yake komawa. Shafin da a da yini ɗaya ya ishe shi, yanzu sai ya kwana biyu a kai, amma ja bai daina tafiya ba.

Wata safiya mata masu tonon bado suka tsince shi kwance a yashi, buhu a kansa, bai san inda yake ba. Suka yayyafa masa ruwa suka rako shi gida. Ɗelu ta tafi wajen Kawu ko mayafi ba ta gyara ba, ta roƙe shi don girman Allah ya ce wa ɗansa ya isa haka.

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata," in ji tsohon. "Nauyin ƙarshe ne ke hita. Dokin Alhaji ma sai da ya durƙusa ana saura kwana kaɗan."

Ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba. Ya yarda da abin da yake faɗa har cikin ransa, kuma da mugu ne da an fi saurin gane shi a kauce masa.

Juma'ar ƙarshe kafin ranar, ƙulli ya hau kan baƙin tukunya daram. Washegari Ɗan Azumi ya shafa jar ƙasa a shafin ƙarshe, gefen littafi ya zama ja tun daga bango har bango. Ya daɗe yana kallon su, igiya a hannun dama, littafi a hagu, yana jin wani daɗi da rabonsa da irinsa tun ranar sunan Larai. Kawu ya kawo jiƙon filasko mai kauri ya ce a yi wankin ƙarshe. Ɗelu ta daka ɗan geron da ta ɓoye ta yi masa gumba, ta ƙulle a tsumma. Ya karɓa ya ce sai bayan tsere zai ci, kada ta yi masa nauyi.

A Maradi, filin ɗaukar soja ya cika da samari tun da sassafe, daga Safo, daga Tibiri, daga ƙauyukan da Ɗan Azumi bai taɓa jin sunansu ba. Ya rinƙa duban cikinsu ɗaya bayan ɗaya da idon Kawu, yana jin tausayin masu tumbi. Ya nemi inda za a yi tseren, bai ga alama ba. Sai wani sarjan ya fito ya ce kowa ya tuɓe ya bar gajeren wando, a yi layi zuwa wata rumfa.

A cikin rumfar likita ne zaune, ga wani soja da igiyar awo irin ta tela, ga ma'auni irin wanda ake auna buhun gyaɗa da shi. Wanda ke gaban Ɗan Azumi wani ɗan mahauta ne, cikinsa har ya rufe tazuge. Ya hau ma'auni, aka zagaya masa igiya a ƙirji, likita ya bubbuga bayansa ya nuna masa hannun dama. Ɗan Azumi ya ce a ransa, bari dai a zo gudu.

Ya hau. Sojan ya tura ƙarfen ma'aunin baya, bai daidaita ba. Ya ƙara turawa baya. Ya sake ƙarawa. Manomin gyaɗa ba ya bukatar a fassara masa wannan, tun yana yaro yake tsayawa a kasuwa yana kallon ƙarfen nan, ya san in yana komawa baya buhu bai cika ba. Aka zagaya masa igiyar awo, ba a cibiya ba, a ƙirji, aka ce ya ja numfashi. Ya ja iya ƙarfinsa. Sojan ya dubi likita. Likita ya taso da kansa, ya ja fatar idonsa ƙasa ya duba, ya sunkuya ya danna masa babban yatsa a ƙauri. Da ya ɗauke yatsan, ramin ya zauna bai cike ba. Ya yi wa sarjan magana da Faransanci a hankali, ya nuna hannun hagu.

"Sa rigarka," in ji sarjan. "Lokotoro ya ce ka koma gida ka ci abinci."

"Ranka shi daɗe, ba a yi gudun ba."

"Ba a gudu sai an wuce nan."

"Ku bar ni in gwada. In ban riga kowa ba ku kore ni."

"In na bar ka ka yi gudu cikin ranar ga, gawarka za mu aika Madarumfa. Matsa, akwai mutane bayanka."

Ɗan Azumi bai matsa ba. Ya sunkuya kan tarin kayansa ya zaro littafin, ya buɗe inda hannu ya faɗa, ya fara karantawa da ƙarfi. Yana tsaye daga shi sai gajeren wando, haƙarƙarinsa a waje ana iya ƙirgawa, yana karanta yadda yaro da uwarsa suka je kasuwa suka sayi nama da burodi. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wasu a layi suka fara dariya, sannan dariyar ta mutu don kanta. Sarjan ya bar shi har ya kai ƙasan shafi.

"Ka iya," ya ce. "Wallahi ka hi rabin waɗanda munka ɗauka yau. Amma kayan da soja ke goyawa in ana tahiya sun kusa kai nauyinka. Duk layin ga yunwa ta taɓa su, amma kai naka ya yi yawa. Ciwo ka yi?"

"Horo na yi."

"Horo?" Sarjan ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya buɗe baki kamar zai yi zagi, sai ya fasa. "Da ka zo yadda Allah ya yi ka, da ƙashin ga naka, da yanzu kana dama. Je ka, ka dawo baɗi in muna da rai."

Bai tafi nan da nan ba. Ya zauna a inuwar katanga har aka fito da na hannun dama yin tsere. Ba wani tsere ba ne, daga rumfa zuwa wata bishiyar dalbejiya a dawo, abin da bai kai rabin hanyar kukar kwanar gulbi ba. Ɗan mahautan nan ya zo kusan na ƙarshe yana haki kamar zai shiɗe, aka buga masa kafaɗa aka tura shi cikin sauran. Karatu kuwa ko tambayar mutane ba a yi ba a ranar.

A hanyar komawa ya zauna a gindin wata kanya ya kwance gumbar Ɗelu. Ya ci da sauri, hannu baka hannu ƙwarya, kamar in ya cinye za a sake kiransa. Cikin da aka yi wata da watanni ana wankewa bai karɓa ba, ya dawo da ita duka a kan ƙasa. Ya zauna yana kallon geron ƙarshe na gidansa kaji ma babu balle su tsince, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne mahaifinsa.

Kawu na zaune a ƙofar gida tun azahar yana jiran albishir. Da ya hango tafiyar ɗansa bai tambaya ba. Ɗan Azumi ya taho da maganganu cike da baki, tun daga Maradi yake shirya su. Amma da ya tsaya a kan tsohon sai ya ga wuyansa kamar na zakaran da aka fige. Mutumin nan abu ɗaya ya mallaka a duniya, labarin doki, shi ya ɗauka dukansa ya ba shi.

"Awo sunka yi, Kawu. Sun ce ban cika ba."

"Da sun bar ka ka yi gudun," in ji tsohon, bai ƙarasa ba. Ya tashi da ƙyar ya bi bango ya tafi gida.

Ɗelu ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta kawo masa ruwa ta zauna kusa da shi.

"In ka ce in zauna, ina zaunawa," ta ce. "Yaya ba shi ɗaukata da ƙarfi."

Ya dubi Larai tana zaune a bakin murhu. Gashinta ya fara yin ja, kuma ta daina wasa, sai dai ta zauna tana bin mutane da ido. Duk lomar da ya bar mata ba ta kai ta ko'ina ba. Ruwa bai sauka ba, ko ya sauka gobe sai an yi wata uku kafin a ga sabon gero. Shi kuma ba ya iya bin su, don in an yi shuka ba ya nan gonar ta tafi, kuma Sa'idu bai ce akwai wurin namiji ba.

"Na yi alkawari," ya ce. "Ki haɗa kayanki."

Ya aika wa Sa'idu ya tarye su a Jibiya. Ranar kasuwa suka kama hanyar Ɗan Issa da ƙafa tun da sanyin safiya, Ɗelu da ƙullin kaya a ka, shi da Larai a kafaɗa. Ba su yi nisa ba ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Ya daure har ya fara ganin duhu, sannan Ɗelu ta tsaya, ta sauke yarinyar ta goya, ta mayar da kayanta ka. Haka suka ƙarasa, mace da kaya da goyo a gaba, mijinta a baya hannu rabbana.

A tashar Ɗan Issa, kusa da duwan, wato shingen kwastan, suka sami babbar mota mai zuwa Jibiya, an yi mata lodin buhuna har sama, fasinja a kan lodi. Ɗelu ta sauke Larai ta miƙa masa, ta kama ƙarfe ta hau. Ta gyara zama, ta sunkuyo ta miƙo hannu biyu.

Ɗan Azumi ya kama 'yarsa ta hammata ya ɗaga. Ta kai ƙirjinsa, ta kai fuskarsa, a nan hannuwansa suka tsaya. Ya sauke ta ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. Yatsun Ɗelu suka taɓa gashin yarinyar, ba su kama ba. Direba ya danna oda. Wani ɗan kamasho, wanda a haife ya girmi Ɗan Azumi, ya matso yana goge hannu a riga.

"Kawo jikar taka, Baba, kar ka faɗi da ita."

Ya karɓe ta da hannu ɗaya ya miƙa sama. Ɗelu ta ji abin da mutumin ya ce. Ta rungume Larai, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ba ta sake buɗewa ba har motar ta wuce shingen duwan.

"Ɗiyarka ce za ta gidan miji?" in ji ɗan kamashon, yana neman hira.

Ɗan Azumi ya dubi hanyar da motar ta bi. "I," ya ce. Sannan ya nemi gefen rumfa ya zauna, don ƙafafunsa ba za su kai shi Madarumfa a ranar ba.